Sunan Wasa Da Ya Cinye Sunan Yanka

Lokacin da labari ya bazu, cikin watan Disamba na shekarar 2014, cewa Allah Ya yi wa Malam Rabilu Musa rasuwa, jama'a da yawa daga cikin waɗanda suka ji sanarwar, tun daga birnin Kano har zuwa nan Kafin Hausa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba su yi salati ba sai da aka ƙara musu da cewa Ɗan Ibro ake nufi. Domin kuwa mutumin da ya ɗebe musu kewa shekara da shekaru, wanda suka san muryarsa da tafiyarsa da yadda yake zare ido fiye da yadda suka san na waɗansu danginsu na jini, ba su taɓa riƙe sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka masa rago a Ɗanlasan ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Shi kuwa wannan bawan Allah yana da wata rayuwa kafin Ibro, gama ya yi shekaru yana aikin gandiroba, aikin da ba a san shi da raha ba, yana kuma da iyali da tunani da damuwa irin na kowane magidanci. Amma duk wannan sai sunan wasa ya haɗiye shi, har ya zamana in an buga sabon kaset ba a wahalar nema masa suna, sai dai a ɗauko Ibro a liƙa masa wata kalma, yau Ibro Awilo, gobe Ibro Usama, jibi Ibro Aloko; kuma da a ce wata rana ya fito a matsayin alƙali mai hukunci da gaskiya, ko uba mai kuka a kan gawar ɗansa, lalle da 'yan kallo sun fashe da dariya tun bai buɗe baki ba.

Wannan al'amari bai fara a kansa ba, ba kuma a kansa ya ƙare ba. Dattawan da suka ga zamanin da akwatin talabijin ɗaya ke tara unguwa guda a ƙofar gidan hakimi ko na wani attajiri suna tune da Samanja Mazan Fama, amma kaɗan ne a cikinsu za su iya gaya maka cewa sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne ɗan gidan sarauta daga Jihar Kwara, wanda ya rasu cikin watan Nuwamba na 2023; shi kam ma nasa da sauƙi, tun da yake ya yi aikin soja na haƙiƙa, saboda haka kakin da jama'a suka hana shi tuɓewa nasa ne tun asali. Haka Abdullahi Shu'aibu na Jos, wanda duniya ba ta san shi da wani suna ba sai Karkuzu. Da fim na kaset ya zo, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, sai abin ya ƙara tsanani, musamman a kan mata, waɗanda aka ɗauki al'adar laƙaba musu sunan fim ɗin da ya fito da su a gurbin da sunan uba ya kamata ya zauna: ga Rukayya Dawayya, ga Sadiya Gyale, ga Jamila Nagudu. Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce Hafsat Idris, wadda saboda ta fito a wani fim mai suna Ɓarauniya, yau shekaru ke nan manya da yara suna kiranta da wannan kalma a bainar jama'a, kalmar da in ka jefi wata 'yar mutunci da ita a tsakiyar kasuwa sai maganar ta kai ku gaban alƙali.

In ka tambayi 'yan boko na birni dalilin haka, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsu ita ce jahilci, wai mutanen karkara ba su iya rarrabe wasa da gaske ba, wai duk abin da suka gani a gilashi sun ɗauka ya auku. Ni dai ban karɓi wannan hujja ba, kuma ina ganin akwai raini a cikinta, domin Bahaushe bai jira Turawa sun zo da majigi ba kafin ya san kwaikwayo. Tun kaka da kakanni, da zarar watan azumi ya kwana goma, yara ke fita tashe gida gida bayan an sha ruwa, wannan ya liƙa gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho mai tumbi, waccan ta sa riga da hula ta zama Daudu. Bayan an kawar da amfanin gona kuma samari su yi kalankuwa, su naɗa wa junansu sarauta, a sami sarki da alƙali da ɗan doka, a yi shari'a a ci tara. Ga kuma 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar muryar malami mai wa'azi su yi ta jawo fassara a kan tuwo da miya har malaman da kansu su yi murmushi. Duk da haka ba a taɓa jin wanda ya wayi gari ya kai ƙarar iyakar gona wurin alƙalin kalankuwa ba, ko wanda ya rusuna wa yaron tashe ya ce da shi Baba bayan an yi salla. Al'ummar da ta daɗe haka tana wasa da kamanni, tana sawa tana tuɓewa ba tare da ruɗewa ba, ba a yi mata adalci ba in aka ce ba ta san wasa ba.

Bambancin da ke tsakanin yaron tashe da ɗan wasan fim guda ɗaya ne, amma babba ne. Yaron nan mun san shi tun kafin ya liƙa gemu; mun san gidansu, mun san wanda ya haife shi, mun ga ranar da malaminsa na allo ya zane shi, gobe da safe kuma za mu gan shi yana kora awaki zuwa bakin fadama, saboda haka auduga ba ta da ƙarfin rufe mana abin da muka riga muka sani. Ɗan fim kuwa ta ƙofa ɗaya tak ya shigo mana, watau ta gilashin talabijin ko na waya. Ba mu taɓa sa hannu a akushi ɗaya da shi ba, ba mu tsaya sahu ɗaya da shi ba, ba mu ga zamansa da iyalinsa ba, kuma iyakar abin da muka gani shi ne abin da marubuci ya rubuta masa, mai ba da umarni ya ce ya aikata. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, zai yi wa wani shaidar adalci, sai Halifa ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya bayyana cewa babu ko ɗaya, sai dai ya gan shi a masallaci yana ruku'u da sujada, Halifa ya sallame shi a kan cewa bai san shi ba. To, in ganin mutum cikin ibada, wadda ake kyautata zaton don Allah yake yinta, bai isa hujjar sanin halinsa ba, ina ga ganinsa cikin wasan da shi da kansa ya shaida maka kwaikwayo ne, an kuma biya shi kuɗi a kai?

Sai dai zalunci ne a ɗora wa ɗan kallo laifin duka, alhali kuwa akwai wanda ya fi shi hannu a ciki, shi ne mai kuɗin da ake yin fim da su. A zamanin kaset da faifai, dillalan Ƙofar Wambai da na Bata a Kano su ne masu yanke hukuncin abin da za a ɗauka, gama su ke saye su rarraba zuwa Haɗeja da Gumel da Maraɗi da Damagaram, su kuwa abin da suke fara tambaya shi ne fuskar da za a sa a jikin kwali, labari sai daga baya in an sami sarari. Wanda ya fito a boka sau ɗaya aka yi ciniki, ya zama boka ke nan har illa ma sha Allahu. Wanda Allah Ya ba shi tumbi da kwarjini ya zama Alhaji mai zama a falo yana hana 'yarsa auren talaka. Dattijuwar da ta iya tsawa kuwa ba a tuna da ita sai ranar da ake neman uwar miji. Kasuwar kaset ta daɗe da rushewa, amma hukuncinta yana nan da ransa. Wanda ke shakka ya je ya zauna ɗan lokaci a rumfar masu cajin waya da tura fina-finai a bakin tashar garin nan, inda inji ke ta ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar lambarta, ya kasa kunne ya ji yadda ake ciniki. Ba zai ji mai neman labarin rabon gado ko na zaman aure ba. Saurayi zai miƙo memori ya ce, "Maigida, akwai sabon Bosho?" Yarinya za ta zo da wayar uwarta a ƙulle cikin gefen mayafi ta ce, "Inna ta ce a sa mata na Kamaye." Shi ma mai rumfar, a cikin kwamfutarsa, da sunayen nan ya kasa hajarsa, domin ya san da su ake nema. Manomin da ya ga gero ya yi kyau a gonarsa bana, ya sake shuka shi baɗi da baɗin baɗaɗa, bai hutar da ita ba, bai kuma juya ta da wake ko gyaɗa ba, ya san abin da ke biyo baya: ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta mamaye, sa'an nan ya ce ai gonar ce ba ta da albarka, ya tafi neman wata. Haka masu kuɗi suke yi da ɗan wasa, su tatse shi a rawa ɗaya har jama'a su gundura, kana su ce tauraronsa ya dushe.

Zuwan fim mai dogon zango, tun daga buɗe tashar Arewa24 cikin 2014 har zuwa cikar YouTube da shirye-shiryen mako mako, ya ƙara ɗaure wannan ƙulli, domin a da ɗan wasa yana maimaita iri ɗaya ne a fina-finai dabam dabam da sunaye dabam dabam, yanzu kuwa mutum ɗaya yake zama, da suna ɗaya da riga ɗaya da mata ɗaya, kowane mako har shekaru. Ɗan'azumi Baba na Ceɗiyar 'Yan Gurasa marubucin littattafai ne kuma mai shirya fim tun kafin a haifi da yawa daga masu kallonsa na yau, amma Daɗin Kowa ya mayar da shi Kamaye mijin Adama, kuma da wuya ka sami matashi ɗaya cikin masu yi masa dariya da ya san ya taɓa riƙe alƙalami. Sani Mu'azu, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu shirya fim ta Arewa, ya koma Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in. Aisha Najamu ta koma Aisha Izzar So. Abin ma yana aiki ta baya, gama kamar yadda rawa take manne wa mutum, haka fuskar mutum take manne wa rawa: da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira aka ɗora Fati Washa a matsayin Sumayya, masu kallo da yawa sun ɗauki lokaci suna ƙorafi, ba don sabuwar ta gaza ba, sai don zuciya ta riga ta yanke cewa Sumayya fuska ɗaya gare ta. Hausawa dai sun ce sabo turken wawa.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan hali su ne masu fitowa a miyagu. Ina da wata gwaggo a Bulangu, mace mai ibada da hankali, wadda duk sa'ad da marigayiya Saratu Giɗaɗo, watau Daso, ta bayyana a gilashi tana ƙulla wa kishiya ko surukarta sharri, sai ta kau da kai ta yi a'uziyya, in jikoki suka ce da ita, "Gwaggo, ai wasa ne," sai ta ce, "Na sani, 'yan nan, amma in ba halinta ba ne, yaya aka yi ta iya shi haka?" A cikin wannan tambaya tata ne musibar take, domin ta mayar da gwaninta ta zama shaida a kan gwani, gwargwadon yadda mutum ya ƙware a sana'arsa, gwargwadon yadda tuhuma take tabbata a kansa, wanda bai iya ba kuwa ya tsira da mutuncinsa. Da Allah Ya karɓi ran Daso cikin watan Afrilu na 2024, a ƙarshen azumi, abin da abokan aikinta suka yi ta shaida a kanta shi ne fara'a da barkwanci da son jama'a. Shu'aibu Lawan Kumurci ma ya daɗe ɗauke da rigar ɗan daba. A ƙasar Indiya, wadda muka daɗe muna kallon fina-finanta, Amjad Khan bai rabu da Gabbar na fim ɗin Sholay na 1975 ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Amrish Puri kuwa ya zama Mogambo tun daga 1987. A kudancin ƙasar nan kuma Kanayo O. Kanayo ya koma makaranta da girmansa ya zama lauya, amma har gobe samari in sun gan shi maganar tsafin kuɗi suke yi masa.

Addini bai bar mu cikin duhu a kan wannan mas'ala ba. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya yi hani ga jifan juna da miyagun laƙubba, a nan kusa kuma ya yi gargaɗi a kan yawan zato. Malamai irin su Imamu Nawawi sun yi rangwame a inda laƙabi ya zama shi ne hanyar gane mutum ba da nufin tozarta shi ba, shi ya sa littattafan hadisi suka cika da ambaton A'amash da A'araj, manyan maruwaita biyu da aka fi sani da lalurar jikinsu. Saboda haka kiran mutum Bosho ko Daso, matuƙar yana amsawa da daɗin rai, ban ga aibinsa ba. Inda aibi yake shi ne a ɗauki halin rawa a yanke wa mai rawa hukunci da shi, a hana shi aure, ko hayar gida, ko a yi masa kallon banza a wurin jana'iza, gama wannan shi ne munana zato tsantsa, kuma babu rangwamen malami da ya kai nan.

Amma fa, a nawa ganin, cutar da ake yi wa mai fitowa a mugu ba ta kai haɗarin amincin da ake ba mai fitowa a salihi ba, ko da yake wannan na biyu ba a cika maganarsa ba, saboda babu wanda ke kuka da shi. Malaman da suka hana a kwaikwayi Annabawa da manyan Sahabbai a fim, irin su majalisar manyan malamai ta Saudiyya, da kuma Azhar wadda ta ƙi amincewa da shirin tarihin Sayyidina Umar da aka nuna cikin azumin 2012, daga cikin hujjojinsu akwai wannan: fuskar ɗan wasa za ta zauna a zuciyar mai kallo a gurbin Sahabi, gobe kuma a ga wannan fuska a wani fim tana shan giya ko tana rawa. Ko mutum ya bi wannan fatawa ko ya bi ta waɗanda suka sassauta, tilas ya yarda sun fahimci ɗabi'ar zuciya. Mu nan shaida ne, domin wanda duk ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar, in an ambaci wannan mujahidi na Libiya, fuskar da take zo masa ita ce ta Anthony Quinn, haifaffen ƙasar Meziko wanda ba Musulmi ba, shi ne kuma ya fito a Sayyidina Hamza a fim ɗin Mustafa Akkad na 1976. A Indiya, Arun Govil, wanda ya fito a matsayin abin bautarsu Ram a talabijin cikin 1987, mutane sun riƙa faɗuwa suna taɓa ƙafafunsa a kan hanya, a 2024 kuma aka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa. A Yukren, Zelensky ya fito a shugaban ƙasa mai gaskiya a wasan talabijin tun daga 2015, cikin 2019 jama'a suka ba shi kujerar ta haƙiƙa. Ba ina cewa waɗannan mutane ba su cancanta ba. Ina cewa ne rawar da suka taka ba ita ce mizanin da za a auna cancantarsu da shi ba. Mu ma a nan, da zarar kakar zaɓe ta kama, sai ka ga an ɗauko wanda muka saba gani da rawani da carbi yana sulhunta ma'aurata, an tsayar da shi a kan mumbarin siyasa. Ko ka ji muryarsa tana tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in, ko filayen da ba wanda ya ga takardunsu, ko wata hanyar zuba kuɗi da aka ce suna ninkuwa cikin wata guda. Talaka ya miƙa ƙuri'arsa ko kuɗin riɗinsa, a zuciyarsa kuwa malamin cikin fim ya miƙa wa, alhali wannan malami marubuci ne ya ƙage shi, ba shi da gida ba shi da adireshin da za a bi shi in kaya sun ɓace.

Mai musu zai ce, kuma yana da gaskiya gwargwado, ai su 'yan wasan ba su kawo ƙara ba. Sunan nan shi ne jarinsu, da shi ake gayyatarsu biki, da shi suke samun talla, kuma mutum nawa ne suka shekara ashirin a sana'ar ba su sami ko laƙabin da za a tuna su da shi ba? Haka ne. Wanda ya sami rawar da ke ciyar da iyalinsa ba za a zarge shi ba in ya riƙe ta da hannu biyu, musamman a sana'ar da babu albashi babu fansho. Sai dai jarin da ba ya juyawa yana da ranar ƙarewa. Barkwancin da ya dace da ɗan shekara talatin, na tsalle da faɗuwa da gudu a kan titi, ba ya yi wa ɗan sittin kyau. Budurwar fim kuwa wa'adinta bai fi 'yan shekaru ba, in ba ta koyi zama uwa ko malama ko 'yar kasuwa a gaban kyamara ba, ranar da aka sami wadda ta fi ta ƙuruciya ta tashi daga aiki. Mun ga yadda Karkuzu, bayan duk dariyar da ya ba Arewa, ya tsufa cikin rashin lafiya da ƙunci har sai da masu tausayi suka kai masa ɗauki. Sunan yana nan a bakin kowa, amma ba a cefane da shi.

Akwai kuwa waɗanda suka kuɓuta, kuma duba yadda suka yi yana da fa'ida. Marigayi Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu cikin 2017, ya yi Karambana ya ba Hausawa dariya, ya yi Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn da Ingilishi ga Nijeriya baki ɗaya, ya kuma fito a Magana Jari Ce na talabijin. Ya sami wannan sarari ne domin a zamaninsa gidan talabijin na gwamnati ke ɗaukar nauyin shiri, babu dillalin da ke tsaye a kansa yana lissafin kwali. Ali Nuhu ya tashi daga saurayin Sangaya ya bi ta kan mugu da uba da sarki, har ya kai ga shugabancin hukumar fina-finai ta ƙasa a 2024, ba don komai ba sai don ya kafa kamfaninsa da wuri, ya zama shi ke zaɓar rawa maimakon a zaɓa masa. Rabi'u Rikadawa kuwa, wanda a wurina yana cikin gwanayen da aka yi a wannan fage, yau ka gan shi lauya, gobe ɗan sanda, jibi Baba Ɗan Audu, kowanne da muryarsa da tafiyarsa, har ka manta da na jiya. Irin wannan sai wanda ya yi wa sana'ar hidima, ya ɗauke ta ilmi mai ƙa'idoji da ake koyo. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da sashen koyar da wasan kwaikwayo, ta Bayero ma ta buɗe nata, amma kaɗan ne daga masu fitowa a gilashinmu suka bi ta can, ƙungiyoyin wasa na makarantun sakandare kuwa, inda a da yaro ɗaya yake yin sarki a wannan zango ya yi bawa a zango na gaba, yawancinsu sun mutu murus. Tun da Allah Ya kawo mana jami'a har gida cikin 2013, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sule Lamido, ba zai gagara ba ɗalibanta su raya irin wannan ƙungiya, su riƙa fita da wasa zuwa makarantun Kafin Hausa da Auyo da Kaugama, domin yaro ya ga ɗan wasa da idonsa yana sa gemu yana cirewa, ya kuma gaisa da shi bayan an tashi.

'Yan jarida ma da nasu, domin su ne suke rubuta sunan wasa da manyan baƙaƙe su bar na yanka a ƙasan labari, in ma sun tuna da shi. Masu shirya fim kuma suna gudu da jerin sunaye a ƙarshen shiri da saurin da ko mai digiri ba zai iya karantawa ba, da Ingilishi kuma, sa'an nan su yi mamakin yadda ba a san kowa ba sai da sunan rawa. Gyaran waɗannan biyu ba ya cin ko kwabo. Wanda ke cin kuɗi shi ne na uku, shi ne kuma na fi so in gani: wani mai shirya fim mai dogon zango ya yi ƙarfin hali ya ɗauki Sulaiman Bosho, ko Mustapha Naburaska, ya ba shi rawar dattijon da aka ƙwace wa gona, rawa wadda babu dariya a cikinta ko ta anini, ya ɗauki Kumurci ya ba shi limancin unguwa, ya kuma daure ya riƙe su a haka har zango ya ƙare. Mako na farko da na biyu jama'a za su yi dariya a inda ba wurinta ba, za su yi ƙorafi, waɗansu ma su daina kallo. In labarin yana da ƙarfi, kafin mako na shida za su dawo suna tambayar yadda shari'ar gonar ta kwana. Hasarar waɗannan makonni na farko ba za ta kai kuɗin da ake kashewa wurin hayar manyan motoci da gidajen bene don a nuna Alhaji ya fito falo ba.